Daga ɓaure zuwa alewa: cimar ƙudan zuma a hunturun Turai

Mu masu kiwon zuma da muka yi aiki a ƙasashen ƙanƙara mun gāji wata tambaya tun daga Rumawa: yaya za a yi da amyar da kaka ta riske ta rumbu ba komai? Columella, wanda ya rubuta littafin noma a ƙarni na farko, ya ce a daka busasshen ɓaure ko zabibi a jiƙa, a ɗora ulu mai tsabta a kai don ƙudan su tsotsa ba tare da sun nitse ba. Har gobe muna yin haka, sai dai da ciyawa ko ɓawon itace.

Manoman Ingila kuwa ba su wahalar da kansu ba. Amyarsu ta saƙaƙƙiyar ciyawa ce, 'yar uwar tamu, ba a iya leƙa cikinta. Da kaka sai a ɗaga kowace a ji nauyi. Mai nauyi da marar nauyi duk a turara musu farar wuta a kwashe zumar, a bar matsakaita su yi hunturu.

Abu biyu suka sauya wannan. Sukarin gwoza, wanda wani mai suna Achard ya kafa masana'antarsa ta farko a Silesiya a farkon ƙarni na 19, ya karya farashin zaƙi. Sai akwatin Langstroth na 1852, wanda ake zare saƙa a duba. A Silesiyar ne kuma wani limamin coci, Scholz, ya kwaɓa garin sukari da zuma ya yi alewa mai tauri, wadda Amurkawa suka fi sani da sunan I. R. Good. Hikimarta babba ce. Da kaka ana ba da ruwan sukari mai kauri, awo biyu na sukari ga awo ɗaya na ruwa, amma in sanyi ya kankama ƙudan ba su iya ƙafar da ruwan, danshi ya cika akwati, zawo ya kama su. Alewa kuwa a samansu ake ɗora ta, inda ɗuminsu ke tashi.

A ganina, sukari ya sa mu sakaci, har muna zaton abinci kaɗai ya isa ya raya raunanar amya. Ƙudan zuma dunƙulewa suke yi wuri guda suna kaɗa tsokar fukafukai don samar da ɗumi, kuma ƙaramin dunƙule ba ya iya matsawa ko taƙi ɗaya cikin tsananin sanyi. Sai ka buɗe akwati da bazara ka tarar sun mutu, ga zuma a gefensu. Shi ya sa dattawan sana'ar ke haɗe raunanan amya biyu su zama ɗaya tun kaka.

A shekarar 1987 aka gano ƙwaron farowa mai tsotsar ƙudan a Amurka, Kanada kuma ta rufe iyakarta ga ƙudan can. Masu kiwo a yammacin Kanada, waɗanda da yawansu kan kashe ƙudansu kowace kaka su sayo sababbi daga Kalifoniya, dole suka koyi raya su cikin ƙanƙara. Tun daga lokacin, kafin mu auna sukari sai mun ƙirga ƙwaro, domin amyar da farowa ta cinye a watan Agusta babu alewar da za ta kai ta Maris.