Su da Tsintar Kanya a Ƙasar Kabi

Tun kafin bikin Argungu ya yi suna, Kabawa kan yi su da rani in ruwa ya janye. Maza su faɗa kogi da homa da gora, yara su bazu daji tsintar kanya da magarya. Kifi na isowa gida 'yan mata su kankare, su hura wuta, a nan suke koyon girki. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, aka shirya masa su, bikin ya samo asali. To uwargida, biki ya ɗore, amma kanya tana ƙarewa a murhunmu. In mai itace ya zo, aiki yaro ya tambayo wane ice ya saro.