Yadda ƙaya ta gaje makiyayar Arizona

Idan aka ce makiyaya ta mutu, abin da ke fara faɗo wa mutumin ƙasarmu a rai shi ne rairayi da iska. Amma akwai wata mutuwar da ke zuwa da koren ganye: haki ya janye, ƙaya ta mamaye, daji ya cika da itatuwa alhali saniya ba ta da abin kai wa baki. Tarihin kudu maso yammacin Amurka, wato jihohin Arizona da Niyu Meksiko, ya adana labarin irin wannan mutuwa daki-daki, domin can ta auku ne a gaban masu awon ƙasa da masu ɗaukar hoto.

A 1858, lokacin da aka auna filin Jornada na Niyu Meksiko, haki mai kyau ya rufe fiye da kashi 90 cikin ɗari na wurin. A 1963 bai kai kashi 25 ba. Babban magajinsa wani icce ne mai ƙaya da ake kira maskit, dangin ƙiryarmu. Ba baƙo ba ne. Tun fil'azal yana nan, galibi a bakin ƙoramu. To, me ya tsare shi can shekaru aru-aru, kuma me ya kwance shi?

Mai tsaronsa wuta ce. Ƙarshen rani, tsawa kan kunna busasshen haki, wuta ta yi ta gudu har inda ta ga dama, kuma hakan na maimaituwa duk bayan ƴan shekaru. Haki bai damu ba, saiwarsa na ƙasa, ruwan fari na sauka zai tofo. Ƙaramin tsiron maskit kuwa ko dai ya ƙone, ko ya zauna a wada. Tabon ƙuna da ke jikin tsoffin itatuwan duwatsun yankin ya nuna wutar ta ɗauke ne wajen ƙarshen ƙarni na 19, daidai lokacin da shanu suka yawaita.

Jirgin ƙasa ya isa birnin Tucson a 1880. A 1886 Geronimo, jagoran mayaƙan Apaci, ya miƙa wuya, daji ya buɗe wa masu garke. Zuwa 1891 an ƙiyasta shanun Arizona sun haura miliyan ɗaya. Sai fari ya faɗo daga 1891 zuwa 1893, ya kashe rabi ko fiye na shanun kudancin yankin, bayan sun riga sun lashe ƙasa ƙarƙaf. Inda babu haki, wuta ba ta da abin ci. Shanun kuma sun yi wa maskit wata hidimar: suna son ƴaƴansa masu zaƙi, ƙwayar mai tauri takan ratsa cikinsu lafiya lau, ta faɗi nesa da ƙorama, cikin kashin da zai zame mata taki.

Masana sun daɗe suna gardama kan wa ya fi laifi. David Griffiths, wanda ya ɗauki hotunan filin gwaji na Santa Rita a farkon ƙarni na 20, ya ɗora alhaki kan rashin wuta. A 1965 Hastings da Turner suka jera tsoffin hotuna da sababbi na wurare guda, suka fi karkata ga canjin yanayi, kuma farin shekarun 1950, wanda ya kashe haki mai yawa a Jornada, yana ba su hujja. Daga baya aka ƙara da iskar kabon, wadda ta tashi daga wajen kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, kuma itace ya fi irin wannan haki cin moriyarta. A ganina gardamar ta tsawaita ne don kowa na neman ɓarawo guda, alhali gungu ne.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, janye shanu bai maido da haki ba. Da zarar maskit ya kafu, saiwarsa na nutsewa inda haki ba ya kaiwa. An taɓa tono wata a zurfin mita 53 kusa da Tucson. Taki da laima sukan taru a gindinsa, iska ta share tsakani, har a Jornada kowane icce ya zama tudun rairayi. Ko an cinna wuta, ba ta da gadar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tuge shi da sarƙa da manyan injuna, an fesa masa guba daga jirgin sama, amma a wurare da dama ya sake tofowa daga kututture.

Wani ɗan uwan wannan icce, shi ma daga nahiyar Amurka, an dasa shi a gabashin Nijar bayan farin shekarun 1970 don tare rairayi. Ya tare, sa'an nan dabbobi suka kai ƙwayarsa cikin busasshen gadon arewacin Tafkin Cadi, inda ya zama sarƙaƙiyar da ke tare wa masunta hanyar kwalekwale duk lokacin da ruwa ya komo.