Dutsen Niƙa da Tabon Huhu: Tarihin Wani Bincike daga Asibitin Tudun Wadan Zariya

Kafin injin niƙa ya shiga kowane lungu da saƙo na ƙasar Hausa, da wuya a sami gidan da babu dutsen niƙa a cikinsa, domin a kansa ake niƙa gero da dawa, a kansa kuma ake markaɗa wake da kayan miya. Sai dai idan ana tuna wannan zamani, an fi tuna macen da ke durƙushe tana niƙa tun da asuba, ba kasafai ake tuna namijin da ya faso dutsen ya sassaƙa shi ba, alhali kuwa shi ne sana'ar ta fi ci, domin huhunsa ta ci. Hujjar da ta tabbatar da haka a rubuce ta fito ne daga likitocin asibitin koyarwa na Tudun Wadan Zariya, wanda mazauna Gyallesu da Kongo suke maƙwabtaka da shi, kuma suka daɗe suna kai marasa lafiyarsu can.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1962, aka buɗe sashen koyar da aikin likita a 1967, kuma asibitin Tudun Wada ya zama ɗaya daga cikin wuraren da ɗalibai ke koyon duba marasa lafiya, tare da asibitocin Kaduna da Malumfashi. A 1969 Farfesa Eldryd Parry ya zo daga Habasha ya karɓi jagorancin sashen cututtukan cikin jiki, ya kuma zauna har 1977. Tsarin da ya tafiyar da sashen a kai shi ne likita ya ɗauko tambayar bincikensa daga gadon majiyyaci, sannan ya bi sawun cutar har gida da gona da wurin sana'a. Da wannan tsari ne aka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, aka duba alaƙarsa da wankan jego da kunun kanwa, da shi ne kuma likita Brian Greenwood ya shafe shekara goma yana binciken sanƙarau. Irin wannan ma'aikaci shi ake kira likita mai bincike, wato wanda yake warkarwa da safe, ya kuma zauna da yamma yana auna abin da ya gani domin ya gano sanadinsa.

Cikin waɗanda suka zo Zariya a farkon shekarun 1970 akwai David Warrell, ɗan Ingila da aka haifa a 1939, wanda ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya kuma ƙware a nazarin yadda huhu ke shaƙar iska da yadda jini ke zagayawa a cikinsa. Duniya ta fi saninsa da binciken saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa, amma horonsa na farko a kan numfashi shi ya sa ya iya fahimtar abin da ke damun masu sassaƙa dutsen niƙa.

Cutar da ake magana a kanta likitoci suna kiranta silikosis, daga sunan silika, wato sinadarin da shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi da duwatsu da dama. Idan aka fasa dutse ko aka sassaƙa shi a bushe, ƙura takan tashi, kuma mafi haɗari a cikinta ita ce wadda ido ba ya gani, domin ita ce ke kuɓuce wa gashin hanci da majina ta isa can ƙarshen huhu, inda 'yan jakunkunan iska suke miƙa wa jini iskar da jiki ke rayuwa da ita. A nan ƙwayoyin da ke tsaron jiki sukan haɗiye ƙurar da nufin narkar da ita, amma da yake silika ba ta narkewa, sai su mutu su sake ta, wasu su sake haɗiyewa, a yi ta haka har wurin ya yi tabo kamar yadda tsohon rauni ke yi a fata. Huhun da ya kamata ya zama mai taushi kamar soso sai ya taurare, mutum ya fara haki idan ya hau tudu, daga baya ya riƙa haki ko da yana zaune. Tabon ba ya gogewa, yakan ci gaba ko bayan an bar sana'ar, kuma yakan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ya bayyana, abin da ya sa mai shi bai cika danganta shi da aikinsa ba. Bugu da ƙari, huhun da silika ta raunata ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, har sau da yawa akan yi ta maganin tarin a manta da abin da ya share masa hanya.

A 1975 Warrell da abokan aikinsa shida suka wallafa sakamakon bincikensu a mujallar Thorax. Sun nuna cewa da yawa daga cikin duwatsun niƙan da ake amfani da su a gidajen Najeriya ana haƙo su ne a wasu 'yan ƙauyuka kusa da Kano, daga irin dutsen nan da yashi ya dunƙule ya zama. Sun duba masu sassaƙa 126 daga ƙauyuka biyu, ba tare da zaɓar masu ciwo kawai ba, sai hoton ƙirji ya nuna silikosis a jikin 49, wato kusan mutum biyu cikin kowane biyar, kuma 17 daga cikinsu tabon ya riga ya haɗe ya zama manyan dunƙule, wanda shi ne mataki mafi muni. Waɗanda suka kamu sun fi daɗewa a ramin dutse a kan sauran 77, kuma alamar da ta fi yawa a tsakaninsu ita ce haki da an ɗan motsa jiki. Abin da ya ba masu binciken mamaki shi ne a fili ake aikin, ba a ƙarƙashin ƙasa ba, inda da an zaci iska za ta kwashe ƙurar, saboda haka suka danganta yawan cutar da tsananin ƙurar da ake shaƙa da kuma irin dutsen da ake sassaƙawa.

Darajar wannan bincike ba ta tsaya ga alƙaluma ba, domin marubutansa sun fuskanci tambayar da ta fi wuya, wato me za a gaya wa mutumin da sana'arsa ke ciyar da iyalinsa tana kuma cinye numfashinsa. An yi aikin ne a shekarun babban farin da ya addabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, lokacin da gona ta gaza, dabbobi suka mutu, don haka suka amince cewa ba a sa ran mutanen su bar sana'ar da suka gada, kuma rage ƙura a irin waɗannan ramuka abu ne mai wuyar gaske. A lokacin ma cutar ba baƙuwa ba ce a duniya, domin tun 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya bayyana ciwon ƙirjin masu fasa dutse, a 1930 kuma aka yi taron ƙasa da ƙasa a kanta a Johannesburg saboda ma'aikatan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu. Sabon abin da Zariya ta ƙara shi ne nuna cewa cutar tana nan a ƙauye, cikin sana'ar hannu ta gargajiya, inda babu kamfani, babu ƙungiyar ma'aikata, babu kuma wanda za a nemi diyya a wurinsa.

Daga baya Warrell ya tafi Tailan, inda ya kafa cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a Bankok a 1979, ya kuma zama ɗaya daga cikin editocin babban littafin likitanci na Oxford. Asibitin koyarwar ma ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005, injin niƙa kuma ya rage kasuwar dutsen niƙa ƙwarai. Amma ƙurar ba ta kwanta ba, sana'a kawai ta sauya, domin a yau tana tashi a wuraren fasa dutse don yin tsakuwar gini, da kuma wuraren da ake niƙa duwatsun zinariya a bushe, irin aikin da ya jawo gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Tun 1995 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da silikosis, kuma gwajin da aka yi a wuraren haƙar zinariya na arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa a bakin injin niƙa yana rage ƙurar silika da kusan kashi 80 cikin 100.

Wannan dabara ta fesa ruwa ita ce amsar tambayar da likitocin Tudun Wada suka bari a buɗe a 1975, domin ba sai an raba mutum da abincinsa ba kafin a ceci huhunsa. Abin da ya rage ga likitocin da ke Shika da cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta Saye, da ɗaliban da ke fitowa daga Gyallesu da sauran unguwannin Zariya, shi ne su riƙe ɗabi'ar tambayar duk mai tari da haki irin sana'ar da yake yi da tsawon shekarun da ya yi a kanta, sannan su bi shi zuwa bakin ramin da ruwa da ƙyallen rufe hanci na gaske kafin tabon ya kama yaran da ke koyon aikin a gefensa.