Daga Akwatin Rediyo Zuwa Wayar Hannu

Yau duk mai waya a aljihu ya zama mai ba da labari. Kafin gidan rediyo ya buɗe baki, an riga an ga abin a WhatsApp ko Facebook. Shi ya sa waɗansu ke cewa kwanan rediyo ya ƙare. Kafin mu yarda, bari mu duba tarihin Nijar, gama ba jiya talaka ya fara kai labari ba.

An buɗe rediyon ƙasar a Yamai a 1958. Da fari magana daga sama take gangarowa: hukuma ta faɗa, ƙauye ya saurara. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo. Mutanen gari sukan taru gaban akwati guda, su ji shiri a kan noma ko kiwon lafiya, sa'an nan su tattauna. Jagoransu, sau da yawa malamin makaranta, yakan ɗauki muryoyinsu da na'ura, ya aika Yamai. A can a saurara, a tace, a sa a shiri na gaba. Ta haka manomi ya ji muryarsa a rediyo, amma sai da ta bi ta hannun mai tacewa.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta ƙara buɗewa. Daga 1994 tashoshi masu zaman kansu suka soma aiki, na ƙauyuka suka biyo baya. Da wayar hannu ta yaɗu, mai sauraro ya shiga kira ana jinsa nan take. Intanet kuma ta ba shi hanyar da ba ta bi ta kan kowa.

An ga ƙarfin wannan hanya da haɗarinta ran 26 ga Yuli 2023, sa'ad da sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Tun da safe labari ya cika wayoyi, gaskiya da ƙarya a cakuɗe. Sai da dare sojojin suka yi sanarwa a talabijin na ƙasa. A watan Agusta aka dakatar da RFI, a Disamba 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Duk inda aka rufe bakin rediyo, jita-jita ce ke cike gurbin.

Gidan rediyo ba zai tsere wa waya a gudu ba. Abin da zai riƙe shi da rai shi ne aikin nan na 1962: ya karɓi abin da jama'a suka aiko, ya tambayi wanda ya ɗauka, a ina, yaushe, ya nemi shaida ta biyu, in ya yi kuskure ya gyara a fili. Masussuka na kowa ne, amma sai an sheƙe hatsi yake shiga rumbu.

Kai ma, kafin ka tura saƙon da ya shigo wayarka, yi masa waɗannan tambayoyi.