Binciken Lafiya a Kan Yara da Matasa: Abin da Ya Kamata Iyaye da Shugabanni Su Sani

Binciken lafiya shi ne aikin da likitoci da masana ke yi domin gano ko sabon magani ko allurar rigakafi na aiki, ko kuma domin fahimtar halayyar ɗan Adam da lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Dole ne wani lokaci a haɗa da yara, domin awon maganin da ya dace da magidanci yana iya cutar da jariri. Sai dai yaro ba ya yanke wa kansa shawara, shi ya sa doka ta ɗora nauyin kare shi a kan iyaye da hukuma.

Mu a Arewa ba labari aka ba mu ba. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye da dama sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, yana cewa an nemi izini da baki, kuma cutar ce ta jawo mutuwa da nakasar. Gwamnatin Jihar Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya.

A ganinmu, babbar asarar ita ce zubewar yarda. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003 da 2004, yara da yawa suka shanye a banza.

Yanzu akwai ƙa'ida. Nijeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutaccen izinin uba, uwa ko mariƙi kafin a sa yaro a bincike. Kwamitin ɗa'a ne ke fara duba aikin, idan kuma gwajin magani ne sai hukumar NAFDAC ta amince. Wajibi ne a yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji: mene ne amfanin, mene ne haɗarin, wa zai ɗauki nauyi idan an samu matsala. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Wanda ya ƙi, ko ya janye daga baya, ba a hana ɗansa magani a asibiti.

Haka abin yake ga masu zuwa makarantu da takardun tambayoyi kan shaye-shaye ko damuwa. Ko da ba a taɓa jikin yaro ba, sirrinsa amana ne, kuma yardar shugaban makaranta ba ta wadatar.

Muna kira ga dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi: duk baƙon da ya zo da batun bincike, a nemi takardar kwamitin ɗa'a, a tabbatar da ita a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Amincewar mai gari ba ta maye gurbin ta iyaye, kuma kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. A lura kuma, allurar rigakafin da ake yi wa yara a asibiti ko gida-gida ba gwaji ba ce; an gama tantance ta kafin a kawo ta.