Sojan Tudu a Bakin Ruwa: Darasin Boni da Anaca, 1967

Sai a 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga da ke maƙwabtaka da Rano, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kafin nan, saurayin da ya tashi a ƙasar Rano ko Kibiya duwatsu ya sani da gonakin dawa da gyaɗa, sai rafukan da kan cika da damina su janye da rani. Irin waɗannan 'ya'yan tudu ne suka cika sahun sojan ƙasa a Yaƙin Basasa, lokacin da rundunar Nijeriya ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Tun a watannin farko aka ɗora wa waɗansunsu aiki mafi haɗari a fagen fama: sauka daga jirgin ruwa a gaɓar da abokin gāba ke tsare da ita.

Hujjar wannan maƙala ita ce, a irin wannan sauka, shirin manya ne ke yanke hukunci tun kafin jarumtar kurtu ta sami damar bayyana.

A ƙarshen Yulin 1967, dakarun Laftanar-Kanar Benjamin Adekunle suka tashi daga Legas ta teku suka sauka a Boni, tashar lodin man fetur. Jiragen yaƙin ruwa sun yi musu rakiya, sun yi wa gaɓa ruwan wuta kafin ƙafar soja ta taɓa ƙasa, masu tsaron garin kuma ba su da yawa. Boni ta faɗi cikin hanzari. A watan Oktoba aka maimaita salon a Kalaba, aka kuma yi nasara.

A cikin wannan Oktoban dai, Runduna ta Biyu ƙarƙashin Laftanar-Kanar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ta iso Asaba, garin da sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula, tabon da tarihi bai yafe ba. Dakarun Biyafara sun riga sun karya gadar Kwara da ta haɗa Asaba da Anaca. Hedikwata a Legas ta so a zagaya a haye ta Idah, inda babu mai tarewa, amma Murtala ya zaɓi tunkarar Anaca kai tsaye. Rundunar kuwa a watan Agusta aka harhaɗa ta a gurguje, cike da sababbin kurata.

Yana da kyau mai karatu ya auna halin da sojan ke ciki. An cunkushe shi da 'yan'uwansa a jirgin fito, bindiga a hannu, albarusai a ƙugu, takalmi mai nauyi a ƙafa. A kan tudu, in wuta ta buɗe, yana iya kwanciya ko ya fake bayan suri. A tsakiyar kogi babu mafaka, wanda kuma ya faɗa ruwa da wannan kaya, ko ya iya iyo da wuya ya kai gaci. Idan ya tsira ya taka gaɓa, ransa na hannun jirgin da zai biyo baya da ɗauki da harsashi.

A nan ne Anaca ta ci mutane. Ayarin farko ya shiga gari, babbar kasuwa ta ƙone, ɗauki bai iso yadda ya kamata ba, sai dakarun Biyafara, cikinsu har da Joe Achuzia, suka juyo da farmaki. Sojojin da ke gaɓa suka rasa gaba suka rasa baya. An sake gwadawa har sau biyu, ba a dace ba. Sai da aka koma shawarar Idah sannan Anaca ta faɗi, a Maris na 1968.

Littattafan yaƙin sun cika da sunayen kwamandoji, amma muryar kurtun da ya shiga jirgin ba ta cika fitowa ba, balle da Hausa. Wanda ya ɗauki bindiga yana ɗan shekara 20 a 1967, yau yana dab da 80. Ya wajaba masana tarihi na Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da masarautar Rano, su nemo mazan jiya da suka rage a garuruwa da ƙauyukan Rano da Kibiya, su naɗi bayaninsu daga bakinsu tun suna raye.