Tarihin lambobin da ke jikin galan ɗin baƙin mai, da abin da ya sa sabuwar motarka ba ta shan man Fijo

Ɗauki galan ɗin baƙin mai ka juya bayansa. Za ka ga 5W-30 ko 20W-50, sai wata 'yar da'ira da aka rubuta API SN ko SP a cikinta. Yawancinmu ba ma ko kallonsu. Makanike ya ce a sayo "mai kauri", a sayo, a yi juye, kowa ya kama gabansa. In tsohuwar Fijo 504 ce ba damuwa, ta saba. Amma in ka tara kuɗi ka sayi sabuwar mota, ko 'yar Beljiyom mai ƙananan shekaru, wannan sakacin zai iya cinye maka inji, kuma ka san yadda kuɗin inji yake yanzu. Kowace lamba a jikin galan ɗin nan wata matsala ce ta sa aka ƙirƙiro ta. In ka san matsalar, da wuya wani ya sake juya ka a shago.

Kafin zuwan mota, injinan jirgin ƙasa da na masana'antu masu aiki da tururi da kitsen dabbobi da man tsirrai ake shafe su. Kitse kuwa in ya sha zafi sai ya lalace, ya danƙare, ya riƙa cin ƙarfe. A 1859 Edwin Drake ya haƙa rijiyar mai a Titusville ta jihar Pennsylvania a Amurka, amma abin da ake nema a lokacin kananzir ne na fitila. Wani likita mai suna John Ellis ne ya lura cewa ɓangaren ɗanyen man nan mai nauyi yana jure zafin da kitse ba ya iya jurewa. Ya kafa kamfaninsa a 1866, a 1873 kuma aka yi rajistar sunan Valvoline, wanda har yau kana ganinsa a kasuwa. Can Ingila kuma Charles Wakefield ya buɗe nasa kamfanin a 1899, bayan shekara goma ya fito da wani mai da aka haɗa da man zurma. Daga sunan zurma a Turance aka samo sunan Castrol.

Da motoci suka fara yawa sai aka shiga ruɗani. Kowane kamfani yana rubuta "mara nauyi", "matsakaici" ko "mai nauyi" a gwangwaninsa, amma matsakaicin wannan kamfani shi ne mai nauyin wancan. A 1911 ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wato SAE, ta fitar da ma'aunin kaurin mai na farko, daga baya aka koma lambobi irin su 20, 30, 40 da 50. Riƙe wannan da kyau: lambar SAE kauri kaɗai take faɗa maka. Ba ta cewa komai a kan inganci. Mai lamba 50 bai fi mai lamba 30 kyau ba, kamar yadda takalmi lamba 45 bai fi lamba 41 kyau ba. Magana ce ta wanda ya dace da ƙafa.

Sai matsalar sanyi. Mai yana kauri in ya yi sanyi, yana tsinkewa in ya yi zafi. A arewacin Amurka da Turai, man da ya dace da bazara in hunturu ya zo sai ya koma kamar zumar da ta daskare, mota ta ƙi tashi. Dole mutum ya canza mai sau biyu a shekara, na sanyi daban, na zafi daban. Harafin W da kake gani daga kalmar Turanci mai nufin hunturu aka ɗauko shi, ba nauyi yake nufi ba kamar yadda wasu ke faɗa. A shekarun 1950 masana suka gano wasu sinadarai da in an zuba su a mai mara kauri suke hana shi tsinkewa sosai idan ya ɗau zafi. Daga nan aka samu mai guda mai lamba biyu. Ta farko mai W tana nuna yadda man yake gudu a tsananin sanyi: 20W ana gwada shi a digiri 15 ƙasa da sifili, 10W a 25, 5W a 30, 0W kuma a 35. Ta biyun tana nuna kaurinsa a digiri 100, wato lokacin da inji ya yi zafin aiki.

Na san abin da za ka ce. Mu da ba mu da ƙanƙara, ina ruwanmu da W? To ai ko da safiyar Kano ko Maraɗi, man da ya kwana a inji ya ninka kaurin da yake da shi a digiri 100 sau da yawa, kuma a daƙiƙun farko bayan ka murza makulli, kafin mai ya hau sama, inji yake yawan cin kansa. Mai 5W ya fi 20W saurin isa can. Sannan inji mai lafiya zafin aikinsa kusan ɗaya ne ko a Sakkwato yake ko a Mosko, domin akwai na'urar da ke daidaita zafin ruwa. Wannan na'urar ce wasu makanikai suke cirewa su jefar da zarar mota ta shigo ƙasa, wai don nan ƙasar zafi ce. Wannan ma wani karatun ne na daban, amma kar ka yarda a taɓa ta a sabuwar mota.

To ina 20W-50 ya samo farin jininsa? Kamfanin Duckhams na Ingila ya fito da shi a 1956, ya kuma karɓu sosai bayan fitowar ƙaramar motar nan Mini a 1959, wadda injinta da giyarta mai ɗaya suke sha, don haka tana son mai kauri. Castrol GTX ya biyo baya a 1968, shekarar da Peugeot ta fitar da 504 a Faransa. Da aka fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, ita ta zama makarantar da manyan makanikanmu suka yi karatu, su kuma suka koya wa yaransu. Injinan wancan zamani akwai 'yar tazara tsakanin ƙarafunansu, mai kauri ne yake cike ta. Saboda haka shawarar "sa mai kauri" ba jahilci ba ce. Gaskiya ce ta zamaninta, motocin ne suka canza suka bar ta a baya.

Ita kuwa filta, motocin farko ba su da ita sam. 'Yar raga ce kawai a ƙasan inji, shi ya sa ake zubar da mai bayan 'yar gajeriyar tafiya. A 1923 Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka ƙirƙiro filtar mota ta farko, suka sa mata suna Purolator. Ita wannan kaɗan daga cikin man take tacewa, sauran ya wuce kai tsaye zuwa inji. Sai a shekarun 1940 aka samu wadda dukkan man yake bi ta cikinta kafin ya isa ga ƙarafuna, a 1954 kuma kamfanin WIX ya fito da irin wadda ka sani, mai kamar gwangwanin madara da ake murzawa a ɗaura. Tsohuwar Volkswagen Beetle ta shafe shekaru da dama tana yawo da raga kawai, ana juye mata mai duk mil 3,000, kusan kilomita 5,000.

Filtar da dukkan mai ke bi ta cikinta tana da haɗarinta: in ta toshe, inji zai rasa mai gaba ɗaya. Don haka aka sa mata wani bawul da ke buɗewa idan matsi ya yi yawa, mai ya wuce ba tacewa, tunda mai datti ya fi babu. Yawancinsu kuma suna da wata roba da ke hana mai zurarewa ƙasa in an kashe mota. Waɗannan biyun ba a ganinsu daga waje, kuma nan ne jabu take cutarwa. Fenti iri ɗaya, kwali iri ɗaya, amma takardar ciki 'yar kaɗan ce, bawul ɗin ko dai yana buɗe kullum ko ba ya buɗewa. In kana jin inji yana ƙara kaf-kaf-kaf na 'yan daƙiƙu duk safiya bayan an yi juye, fara zargin filtar. Kuma don filta ta murzu ta zauna ba shi ke nuna ta motarka ce ba, lambar da kamfani ya bayar ita ce abin bi.

Mu koma kan inganci, tunda SAE ba ta faɗar shi. Daga shekarun 1930 zuwa 1940 aka fara zuba wa mai sinadarai: masu wanke datti, masu hana tsatsa, da wani mai ɗauke da zinki da fosfaras da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa mai gida uku a 1947, a 1970 kuma aka kawo tsarin da muke kai yanzu: S na injin fetur, C na injin dizal, harafi na biyu kuma yana matsawa gaba duk lokacin da aka tsaurara gwaji. SL ya zo a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, SQ a 2025. A injin fetur, sabon harafi yana iya maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. SA kuwa mai ne zalla babu sinadari, API da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda babu kowane rubutu a jikinsa, kai ma ba ka san a wane harafi yake ba. In motarka ta Turai ce, nemi lambar ACEA ko lambar amincewar kamfanin da ya ƙera ta, musamman in dizal ce mai matatar hayaƙi a salansa, domin man da bai dace ba yana toshe ta da toka.

Abin da ya karya mulkin mai kauri shi ne rikicin man fetur na 1973. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, Amurka ta kafa dokar rage shan mai a 1975, kamfanonin mota suka shiga neman duk hanyar da za su rage wahalar inji. Mai kauri yana jan ƙarfin inji, don haka aka matse tazarar ƙarafuna, aka gyara santsinsu, aka sauko 10W-30, 5W-30, 5W-20, 0W-20. A 2013 SAE ta ƙara lamba 16, kuma Toyota Camry ta 2018 mai inji lita 2.5 da 0W-16 ta fito. Ban da haka, a injinan yanzu mai ba shafa kaɗai yake yi ba. Tsarin VVT-i na Toyota da makamantansa da matsin mai suke sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta wasu ƙananan ramuka da 'yan ragogi. Ka zuba 20W-50 a nan, mai ya riƙa isa a makare, wutar inji ta kama a dashbod, mota ta ƙara shan fetur, sarƙar taimin ta fara kuka.

Mai na haɗin kimiyya, wanda ake rubuta wa synthetic, Jamusawa sun yi aiki da shi a jiragen sama lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya shigo motoci da Amsoil a 1972 da Mobil 1 a 1974. Ya fi jure zafi, ya fi daɗewa bai lalace ba. Sai dai kalmar ta yi laushi tun 1999, lokacin da Mobil ya kai ƙarar Castrol gaban hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, aka yanke cewa ɗanyen man da aka tace ƙwarai da gaske shi ma ana iya kiransa da wannan suna. A ganina wannan ba abin tayar da hankali ba ne, irin wannan man ma yana da kyau. Amma ya isa ya nuna maka cewa babban rubutun gaban galan talla ne, ƙaramin rubutun baya shi ne shaida.

Na baya-bayan nan ya shafi ƙananan injina masu tobo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. An gano cewa wani lokaci, in mota tana tafiya a hankali aka taka totur, fetur yana kamawa da wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi, ƙarfin bugun har yana fasa fistin. Bincike ya nuna sinadarin wanki mai kalsiyam da ke cikin mai yana da hannu a ciki. Shi ya sa aka fito da SN Plus a 2018, SP kuma ya haɗa da wannan gwajin da na kare sarƙar taimin. In sabuwar motarka mai tobo ce, kar ka sauka ƙasa da nan, komai sauƙin kuɗin wancan galan.

Saboda haka kafin juye na farko, duba murfin da ake zuba mai, sau da yawa lambar tana rubuce a kai. Sannan buɗe littafin motar. In babu shi a ciki, rubuta sunan motar da shekararta a wayarka, yawancin kamfanoni sun sa shi kyauta a intanet. Wasu littattafan suna da jadawalin da ya yarda a ɗan ƙara kauri a ƙasashe masu zafi, misali daga 0W-20 zuwa 5W-30. In naka ya yarda, bismillah. In bai yarda ba, tsaya inda ya tsaya, balle in motar tana da garanti, domin mai da ba a amince da shi ba yana iya soke shi. Ajiye rasit, ka ɗauki hoton galan da na filta da lambar kilomita duk ranar juye.

Wajen tazarar juye kuma, littafin yana da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala. Ƙura, zafi, gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa a cunkoso inji yana aiki, duk suna cikin na biyun, kuma wannan ita ce rayuwar mota a garuruwanmu, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cika ko'ina. Bi na biyun, wanda sau da yawa rabin na farko ne. Canza filta tare da mai kowane lokaci, ka sa a duba filtar iska ita ma, domin ƙurar da ta wuce ta cikin mai take ƙarewa. In za ka sayi galan, duba hatimin murfi da kanka, kuma ka tsaya a buɗe shi a gabanka.